Ramin da Baffa ya cike

Yayana ne ya fara nuna mini ramin da ke jikin farin wata. Yana lise, wato sakandare, a lokacin, ya dawo da wani hoto da ya yanko daga tsohuwar mujalla, ya manna a bangon ɗakinmu a unguwar Marjandafak. Rami ne zagayayye kamar bakin akushi. Ya ce dutse ne ya faɗo ya haƙa shi tun kafin a yi mutane, kuma har yau yana nan yadda yake, don babu iska babu ruwan sama a can da za su binne shi. Na yi masa dariya, na ce wanda bai taɓa wuce garin Kusiri da ke nan kusa ba shi ne zai ba mu labarin wata.

Shekarar da faɗa ya shigo cikin gari, roka ta faɗo tsakar gidanmu yana alwala. Mun binne shi washegari. Abin da ya rage mana rami ne a gindin katanga, zurfinsa bai kai gwiwa ba.

Inna ta hana kowa taɓa shi. Kullum da safe sai ta share gefensa, ta tsince ƙasar da ta gangara ciki da hannunta. Da damina ta zo ta rufe shi da tsohon kwano.

Baffa, ƙanen mahaifinmu, ɗan kasuwa ne mai zirga-zirga tsakanin Zinder da nan, kuma katangar tana kallon titi. Ya jira ranar da muka tafi suna a unguwar Mursal. Muka dawo muka tarar da siminti ɗanye, sumul.

Ya ce mata, "Kalas, ya isa haka, Yaya, ki yi haƙuri. Rami ba ya dawo da mamaci. Butik, ɗan shago, zan buɗe a wurin, kowa ya amfana."

Ni ce na zage shi, aka ce ba ni da tarbiyya. Har yau ban yafe masa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Hoton nan ya daɗe a bango, raminsa ko gezau. Namu kuwa firjin lemo aka ɗora a kansa. Har Inna ta rasu ba ta taɓa shan ruwan firjin nan ba, ko a azumin da ya faɗo tsakiyar zafi.