Ulaayu a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Ƙawata Ulaayu ce ta fara shigar da ni ƙarƙashin ƙanƙara, tun muna 'yan mata. A garinmu saman teku kan daskare lokacin sanyi. Idan ruwan ya janye sosai a sabon wata ya bar kogo a ƙarƙashin ƙanƙarar, sai a fasa rami a gaɓa, a sauka da fitila da bokiti, a tsinci ƙumba, wato dodon koɗin teku da muke ci, a kan duwatsu kafin ruwa ya dawo. Mutum ɗaya kan tsaya a bakin ramin da igiya, aikinsa kallon ruwa da kira.

Rufin ƙanƙarar can ƙasa ba fari ba ne. Wata gansakuka ce ke manne da shi, mai launin ruwan ƙasa, ido ba ya raba ƙwayarta. Ulaayu doguwa ce, kullum da ita take fitowa a hula. Yara suka sa mata suna Mai Kan Datti.

"Ku dai ci kifinku," takan ce musu. "Dattin nan shi ya ƙosar da shi."

Son abin take yi. Takan ɗaga fitila ta ce mini, "Siasi, duba, rana ta fara ratsowa." Amma da gansakukar ta yi kauri ta fara sakin zare, sai ta rataye bokitinta, don ƙanƙara ta fara ruɓewa ta ƙasa ke nan.

Bana zaren ya sauko da wuri. Mijinta Tiivi ya daɗe bai harbo komai ba, gidan babu abinci. Ta ce ba za ta shiga ba.

"Yau kuma datti kike tsoro?" ya ce da ita a gaban mutane. "Ai da shi a ka kika tsufa. Wuce, ni zan tsaya miki."

Aka yi dariya. Ta ɗauki fitila.

Tana ciki wani karen ruwa, dabbar teku da muke farauta, ya fito shan iska can nesa. Tiivi ya ajiye igiya, ya ɗauki bindiga ya bi shi. Rufin ya lotsa ya toshe mata hanya, babu mai jin kiranta, ruwa kuma ya dawo a lokacinsa. Sai da ya sake janyewa muka fito da gawarta. Faratanta duk sun kakkarye.

Tiivi ya samu dabbarsa. Aka raba naman gida-gida kamar yadda aka saba, har da nawa rabon. Na kai shi gidanta, na dafa wa 'ya'yanta. Suna kuka suna ci, ƙaramar har ta nemi ƙari.