Mai Gadin Tuddai Arba'in da Ɗaya

Haihuwarsa

An haifi marigayin, wanda aka fi sani da Baba Mai Tuddai, a shekarar 1948, a ƙauyen da ke gindin tuddan kaburburan mutanen dā, waɗanda aka gina tun kafin a san rubutu. Mahaifinsa manomi ne, mahaifiyarsa maginiyar tukwane.

Karatu, aiki da iyali

Ya kammala firamare a 1961, ya koma gona. A 1974 hukumar adana kayan tarihi ta ɗauke shi gadin tuddan, ta damƙa masa hula da usur da littafin baƙi wanda har ya bar aiki bai cika ba. Tuddai arba'in da ɗaya ne, kuma kowace safiya sai ya zagaya ya ƙirga su, har abokan wasansa kan tambaye shi ko wani ya tsere. Ya yi aure a 1976.

Farin fenti

A 1995, da ya ji za a shimfiɗa titi kusa da wurin, ya rubuta wa hukumar takarda bakwai yana neman shinge, amma shiru kake ji. Sai ya jera duwatsu kewaye da kowane tudu, ya shafa musu farin fenti domin a gani a kauce. Ashe da farin dutse 'yan kwangilar ke yi wa direbobinsu alamar inda za su ɗebi ƙasa. Ya tafi birni kai takarda ta takwas, ya kwana uku yana jiran shugaban hukumar, ya dawo ya tarar tuddai uku kacal suka rage, an kwashe sauran an yi cikon titi. Wannan karon hukumar ta amsa cikin mako guda: ta sallame shi bisa laifin barin wurin aiki. Abin da ya faɗa wa matarsa kawai shi ne, "Ni na nuna musu, da hannuna."

Ƙarshen rayuwarsa

Shekara goma sha shida bai taka titin ba, yana cewa kan mutane ba hanya ba ne. Ta gonaki yake ratsawa ya ƙirga ukun da suka rage. Ya rasu ranar 9 ga Maris, 2011. Da yake maƙabarta na da nisa, a mota aka kai shi, bisa wannan titin. Allah ya jiƙansa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: malamar makaranta, tela, ma'aikaciyar jinya, da autansu, direban tifa a kamfanin da ya yi titin.