Turmin Inna a Tsohon Gari

Ni 'yar fari ce a wurin Inna, kuma duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta aike ni sai ta ce "ke", in za ta ba da labarina sai ta ce "waccan". Amma da na samu tallafin karatu zuwa Malesiya, mijina kuma yana aiki a kudu, ita ta karɓi 'yata mai shekara biyu ta goya, ba ta ce min uffan ba. Shekara uku tana riƙe da ita, ni ina unguwar Setapak a Kuala Lumpur ina fama da littattafai.

Da lokacin zuwana hutu na farko ya matso, tsarabarta ce ta hana ni sukuni. Godiya da baki ba ta yiwuwa tsakaninmu, ina farawa za ta tashi ta bar min ɗakin. Tsarabar ce kaɗai hanyar da nake da ita. Na sa ƙanwata ta bugi cikinta ta ji me take so, amsa ta dawo: "Ki ce mata ta dawo lafiya, kada ta ɗora wa kanta kaya." Na gane karatun. Wato in kin isa ki zo min hannu rabbana.

Ranar wata Asabar da hantsi muka hau jirgin ƙasa ni da ƙawata, wata Bazazzagiya da muke ɗaki ɗaya, mai bakin tsiya amma mai ido a kan kaya. Muka sauka a tsohon garin Kuala Lumpur, inda benaye masu hawa biyu suka jeru kafaɗa da kafaɗa, tagoginsu na katako, fentinsu duk ya ɓarɓare. Layin ya cika da baƙi, ƙanshin turaren tsinke ya gauraya da na gasasshen abinci, zafi kuwa ba a magana. Kowane shago ya baje ƙananan siffofin tagwayen dogayen benayen da garin ya yi suna da su: a jikin kofi, a jikin riga, a jikin maƙalin mukulli, har da wanda ake liƙawa a firij. Turawa suna ta saye, kowa ya ɗauki ɗaya tak ya yi gaba. Na riƙa kallonsu da mamaki. Ashe wa kansu suke saya. Mu kuwa ƙawata ta cika leda da maƙalan mukulli don 'yan unguwarsu, har mai shagon ya tambaye ta ko sari ta zo yi.

Ta ɗago na firij ta ce, "Ga na Inna."

Na ce, "Firij ɗin Inna ya shekara biyar da komawa ma'ajiyar kwanuka. Ajiye musu kayansu."

Na sayi garin kofi da alewar kwakwa na rabo, na sayi turare don iyaye maza. Saura babban aikin. A can ƙarshen layi muka samu wani ɗan shagon batik, wato yadin ƙasar mai zanen furanni. Mai shagon tsohuwa ce, tabarau na reto a wuyanta. Na gaishe ta da makcik, yadda ake kiran uwa ko gwaggo a can, na ce yadi shida nake so.

Ta ce kowane falle mita biyu ne.

Na ce, "To a ba ni uku iri ɗaya."

Ta sa tabarau ta dube ni kamar na zage ta. "Babu biyu iri ɗaya. Da hannu ake zana su, ɗaya bayan ɗaya."

Nan fa na shiga bayani. A wurinmu ba a ba babbar mace falle ɗaya, turmi ake ba ta: zane, riga, ɗankwali, duk daga yadi guda. Da Turancin ya ƙi isar da saƙon, sai na ɗaura ɗaya a ƙugu, na yafa ɗaya a kafaɗa, na naɗa na uku a kai. Ina juyowa na ga wata Baturiya a bakin ƙofa ta saita ni da waya. Ƙawata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Tsohuwar ta ce ta fahimta. Ta jawo wani babban naɗi na bugun inji daga ƙarƙashin tebur, ta ce wannan boleh, wato zai yiwu, ko yadi ashirin nake so za ta yanka. Kyakkyawa ne kuwa, ruwan hoda mai ganye. Har na fara hamdala, sai Bazazzagiyar nan ta juya bayansa, ta murza shi da yatsa.

"Wallahi akwai shi a Kantin Kwari. Matar yayana tana da koren."

Na ji kamar in shaƙe ta. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya ƙara ba ni haushi. In na ɗauki cikakken turmi, wata maƙwabciya za ta ce ai a Kano ma akwai. In na ɗauki na hannu, na kai wa uwata falle uku da ba su san juna ba. Na zauna a kan kujera na yi tagumi.

Tsohuwar ta zuba min ruwa, ta tambaye ni wa zan kai wa. Na faɗa mata, har da zancen 'yata da shekara ukun. Ban yi niyyar faɗa ba, bakina ne ya kufce. Sai ta buɗe wani kabad, ta riƙa fito da falle-falle tana shimfiɗawa tana mayarwa, ta ɗauki lokaci mai tsawo. Daga ƙarshe ta ware uku. Duk shuɗi ne mai duhu, amma ɗaya furanni ne manya, ɗaya ganyen gora, ɗaya wasu ƙananan tsuntsaye. Ta ce mutum ɗaya ya zana su.

Ƙawata ta ce, "Ni dai na faɗa miki, za a ce ragowar tela Inna ta haɗa."

Na ce, "A ce ɗin." Na sa aka naɗe min.

A gida ban miƙa mata da hannuna ba, ƙanwata na ba ta kai. Ina laɓe a bakin ƙofa. Inna tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "An gode, Allah ya yi albarka. Sa a ɗaki." Mako uku na yi a gidan, ban sake ganin ko ledar ba. Na haƙura, na ce a raina Bazazzagiya ta yi gaskiya, na kunyata kaina. Abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Ranar komawata da safe, an gama loda akwatuna, na shiga ɗakinta sallama ban same ta ba. Ina fitowa zaure na gan ta tsaye a ƙofar gida, riƙe da hannun 'yata. Manyan furannin a zane, ganyen gora a riga, tsuntsayen a kai. Maganar gaskiya, ba su dace da juna sosai ba. Matan layi sun leƙo suna kallo, ita kuwa ta tsaya ƙyam kamar ranar Sallah.

Na durƙusa na ce, "Inna, zan tafi."

Ta kalli direba ta ce, "Ka tuƙa a hankali."

Sai da mota ta tashi ƙanwata ta faɗa min. Inna da ba ta zuwa ko'ina, sau huɗu ta taka da ƙafarta zuwa wurin tela. Jiya ma da ya fara kawo mata uzuri, tabarma ta sa aka shimfiɗa mata a shagonsa, ta ce ba za ta tashi ba sai ya gama, don gobe akwai mai tafiya.

Na yi ta kuka ina dariya har filin jirgi, ƙanwata tana miƙo min gefen mayafinta.