Ƙeyar Yaya

Ni fa tun asali mai hoton tsaye ne. Shagona yana bakin titi a Zangon Kumasi, da labule mai zanen gidan bene da kujera ɗaya. Mutum ya shigo da babbar rigarsa, in ce masa kada ya motsa, kada ya ƙifta ido, in cusa kai cikin baƙin ƙyalle, shi ke nan. Abin da na iya ke nan.

Yayana tsohon soja ne. Da ya dawo daga yaƙi bai koma gida arewa ba, ya tsaya Kumasi yana tuƙa motar katako. A bariki ya koyo wasan nan da yanzu ake ce wa zari-ruga: ƙwallo ce mai siffar ƙwai, ka rungume ta ka ruga, ƙarti su bi ka su kayar. Duk Asabar da la'asar sukan taru a wani fili bayan Race Course, Turawan kamfanoni da sojoji, don nishaɗi kawai. Mutanen Zango kuwa dariya suke masa, wai magidanci da gemunsa yana birgima a taɓo da gajeren wando.

Ana nan sai wani falken goro ya kawo saƙon Inna. Idonta ya fara yana, kuma tun ranar da Yaya ya tafi soja ba ta sake sa shi a ido ba. Ta ce in ba zai zo ba, a aiko mata da hotonsa ta ga fuskarsa tun tana gani.

Ran Juma'a daga masallaci Yaya ya biyo shagona da farar rigarsa, ya zauna daram a kujera. Ya ce, "To, mai akwati, ɗauka mu wuce wurin."

Na ce, "Haba Yaya! Wannan ai hoton kowa da kowa ne. Ni a guje zan kama ka, Inna ta ga ɗanta yana kayar da Turawa."

A lokacin na sayi wata 'yar kyamarar hannu wurin wani akawu, kaina ya kumbura. Yaya ya yi dariya, ya kaɗe riga ya tashi. Ya ce, "Taurin kanka dai na nan." Da hannuna na tashe shi daga kujerar nan, kuma har gobe ina jin zafin abin.

Asabar ta farko na wanke fim, ban ga komai ba sai wasu inuwoyi kamar an goga gawayi a bango. Ta biyu ma haka. Matsalar, jikina ya saba da shago: in kafe ƙafa, in riƙe numfashi, in jira mutum ya natsu. Wa zai natsu a wannan hargitsi? Har na taɓa mantawa na daka tsawa daga bakin fili, "Ku tsaya!" Turawa suka yi ta dariya, Yaya ya riƙe ciki.

Wani tsohon mai hoto Ba'asante a kasuwar Kejetia shi ya buɗe min ido. Ya duba hotunan, ya girgiza kai. Ya ce da gurɓatacciyar Hausarsa, "Kramo, kai tsaye, shi gudu. Ba zai yi ba. Bi shi." Kramo suke kiran Musulmi. Ya nuna min yadda zan manne gwiwar hannu a haƙarƙari, in juya ƙugu tare da mai gudu, in danna ina cikin juyawa. Kwana shida ina gwadawa a kan motocin tasha da masu kekuna, har 'yan kamasho suka ɗauka na zare.

Asabar ta biyar na samu. Yaya ya taho a guje ta gefen da nake, ƙwallo a ƙirji, na bi shi, na danna. Da hoton ya fito a ruwan wanki, kai, sai ga Yaya a guje. Komai tar: jijiyar wuyansa, taɓon da ke tashi daga takalminsa. Sai dai fuska babu. A wasan nan baya ake miƙa ƙwallo, ba gaba ba, kuma daidai lokacin ya waiga cikin fili zai jefa wa ɗan'uwansa. Ƙeyarsa na ɗauka, da kunne ɗaya.

Ya gani ya ce, "Oho, yanzu kuma ƙeyata za ka aika mata? Kawo kujerar nan, don Allah."

Na ce ya ba ni Asabar ɗaya tak, na gane inda zan tsaya.

Ran Laraba sarƙa ta tsinke a wurin lodi, gungume ya gangaro kansa. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Na dawo shago na tarar da kujerar a inda take, na zauna a ƙasa na yi kuka kamar mace ta rasa ɗa.

Bayan sadakar bakwai na hau mota zuwa gida. Inna na zaune a tabarma bakin ɗakinta. Da aka gama gaisuwa ta miƙo hannu ta ce, "Auta, ina hoton?"

Na ba ta. Na fara kame-kame, ina maganar ƙwallo da gudu, ta ɗaga min hannu. Ta kai shi dab da idonta na dama, wanda ya fi gani, ta juya shi wajen haske, ta daɗe a haka.

Ta ce, "Shi ne. Ranar da zai tafi ma na tsaya a ƙofar gida ina jira ya juyo, wannan ƙeyar na yi ta kallo har ya sha kwana."

Sai ta juya hoton ta duba bayansa, farar takarda. Ta ce, "Babu wani?"

Na ce, "Babu, Inna."