Tsinken Ticha Falalu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Juma'a, sha takwas ga Yulin 1969, Allah ya karɓi ran Malam Falalu Sulemana a gidansa da ke unguwar Maamobi, bayan ciwon ƙirjin da ya daɗe yana ɓoye mana. Duk unguwarmu ta Nima da laƙabin Ticha aka san shi. Ni ne Lauwali, mai koyar da Larabci a makarantar da yake koyar da lissafi, allo ɗaya muke gogewa.

Ticha, ban taɓa ganin mai ɓarnar fura irinka ba. Kullum sai ka tsaya wurin Zuera mai fura ka sayi dunƙule biyu, babba da ƙarami, ba don sha ba. Ka shiga aji ka ce babban shi ne duniya, ƙaramin wata. Ka zaro tsinke daga tsintsiya ka soka har tsakiya, ka dafe da farce inda ya tsaya. Ka ce duk jan da duniya take yi mana, tamkar daga tsakiyar nan yake fitowa, mu kuwa a bayanta muke tsaye, don haka tsawon tsinken nan shi ne nisanmu da abin da ke janmu. In nisan ya ninka biyu, jan ya ragu sau huɗu. Shi ya sa ba a lissafin nauyin mutum a kan wata duniya sai an san tsawon tsinkenta. Bayan darasi sai ka dama duniya da watan, ka miƙa wa yaran da suka zo ba su karya ba. Ka ɗauka ban gane dalilin sayen furar ba.

Abin da ya jawo maka shi ne maganar wata. Ka ce duniya ta fi shi nauyi wajen sau tamanin, amma tsinkensa gajere ne, mai tsayawa a kansa yana kusa da tsakiya, saboda haka nauyin mutum kashi ɗaya cikin shida zai koma. Ka ce ɗan dako zai ɗauki buhun masara a can yana tsalle. Yara suka kai zancen gida. Alhaji Dramani, shugaban iyayen yara, ya zo har ƙofar aji ya ce, "Ticha, wannan magana ba shi da kyau. Ka je can ne?" Ya janye 'ya'yansa, wasu suka bi. Aka rufe ajinka, aka bar ka da tara kuɗin alli. Na yi faɗa har muryata ta dishe, kai kuwa cewa ka yi in bar su, za su ji da kunnensu. Ka so ka ga ranar nan, Allah ya sani.

Ranar Litinin muna zaune a rumfar addu'arka, ana rabon masa da goro, sai Tajudeen tela ya shigo rungume da rediyonsa. An ce Amurkawa biyu sun taka wata, suna tsalle da kaya masu nauyi a bayansu. Mai labarin ya ce nauyinsu kashi ɗaya cikin shida ya koma. Ni dai baƙin ciki ne ya cika ni, har da haushi, don waɗanda suka fara cewa "Ticha ya faɗa" su ne suka kwashe yaransu.

Can Alhaji Dramani ya juyo wurina, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Malam, a buɗe ajin gobe. Zan kawo nawa." Na ce, Alhaji, wa zai koyar? Washegari aka buɗe ajin. Zuera ta aiko da dunƙule biyu, na soka tsinke har tsakiya, na fara bayani, na maƙale a rabi. Kai kaɗai ka iya ƙarasawa.

Ya Allah ka gafarta wa Falalu, ka yalwata kabarinsa, ka sanya furar da ya shayar da yara a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa Abibata, da 'ya'yansa Mashud da Asana, da dukkan jama'ar Nima da Maamobi. Allah ya ba mu haƙuri, ya kawo wa yaranmu wanda zai ɗauki tsinken. Amin.