Ɗigon Kore a Alƙur'anin Malam

Mahaifina malamin allo ne a Karaye, kuma marubucin Alƙur'ani. Mu 'ya'yansa Malam muke ce masa, kamar kowa. Ni kaɗai a gidan aka kai boko, ba da son ransa ba, kuma har na zama malamin firamare a Rogo bai huce ba. Ba ya zagina, ina ma zagin ne! In na shiga zaure yana rubutu, sai ya jawo fata ya rufe takardun, ya ce hannun da ya saba tafiya daga hagu zuwa dama ya tsaya daga can. Wannan magana ta daɗe tana cina a rai.

Ba a jima da yin jihohi ba idon Malam ya fara hazo. A lokacin yana da Alƙur'ani guda a hannu, wanda shi da bakinsa ya ce shi ne na ƙarshe. Ya gama baƙi, ya sa jan wasali, ya sa rawaya. Saura kore, wato ɗan ɗigon nan da ake yi wa alif don mai karatu ya san inda zai haɗe. To, garin koren da wani ɗan koli ke kawo masa daga Kano ya taɓa yi masa tsiya, ya cinye takarda, duk inda aka ɗiga ya zama huji. Malam ya rantse ba zai ƙara taɓa shi ba. Ga aiki a ajiye, ga ido yana tafiya.

Ni kuwa ina da alƙalami mai shan tawada, wanda nake maƙalawa a aljihun gaba don a san ni ma wani ne. Tawadarmu ta talakawa iri uku ce a teburin 'yan koli: shuɗiya, ja, da wata shuɗiya mai duhu da ke komawa baƙa in ta bushe. Koriya sai a birni, ita ma an ce ta manyan ma'aikata ce. Na ce a raina, in boko bai iya fitar da kore ba, ai gara in mayar musu da allinsu.

Na fara da wauta. Na zuba ja a cikin shuɗiya, ta ba ni ruwan hanta. Na ƙara ja, ta koma kamar jiƙon goro. Na jiƙa bular wanki na ɗura wa alƙalami, ya shaƙe, sai da na yini ina yi masa wanka da ruwan ɗumi. Duk hutun mako in na taka keke na zo gida, sai in baje kwalabe a gindin rumbu. Inna ta yi ta faɗa, wai na mayar mata da murafen kwano kamar na marina, kuma wace yarinya ce za ta auri mai shuɗin yatsu. Na ce mata ta bari, mai nema yana tare da samu.

Rawaya nake bukata in haɗa da shuɗiya, kuma ba a sayar da tawadarta, ta Malam kuwa ban isa in taɓa ba. Ranar kasuwar Karaye na ga wani baduku yana shafa wa fata gangamau, na tsaya kamar an dasa ni. Na saya, na daka, na tafasa, na tace da tsumma har ruwan ya yi garau. Da karambanina na jefa 'yar kanwa wai don ya kama, nan take ya juye ja. Wayyo, kamar in yi kuka! Na sake dafa wani, wannan karon na matsa lemon tsami, rawayar ta tsaya cak. Na haɗa da shuɗiya mai duhun nan, ta tsinke ta yi gudaji kamar nonon da ya lalace. Saura shuɗiyar banza, mafi araha, wadda yara ke ɓata riga da ita. Na ɗiga kaɗan, na juya da tsinke, na ƙara.

Jama'a, sai ga kore! Kore shar, kamar ganyen gyaɗa bayan ruwa. Na ɗura a alƙalami na ja layi a takarda, ya tafi sumul ba gardama. Na yi tsalle har na ture wa Inna tulu, ban ko tsaya jin abin da ta ce ba.

Na kai wa Malam takardar, ina ji da kaina. Ya matso da ita kusa da ido, ya sansana, ya tambaye ni abin da ke ciki, na lissafa masa. Bai ce madalla ba. Cewa ya yi wancan na ɗan koli ma da kyansa ya zo. Ya ɗaga buzunsa ya tura takardar ƙarƙashi, ya ce damina ce za ta yi mana alƙalanci.

Ban taɓa ganin damina mai tsawon wannan ba. Ina Rogo ina koyar da lissafi, hankalina na ƙarƙashin buzu. Duk zuwan da na yi sai in tarar idon ya ƙara ja baya, har ya kai sai na yi sallama yake gane ni. Haushi ya kama ni, na ce wa Inna taurin kan tsohon nan zai sa aikin ya mutu a hannunsa. Ta ce in iya bakina, wa na gado?

Da aka fara yankan gero, wata safiya ya aika a kira ni zaure. Ya zaro takardar, ya fita da ita bakin ƙofa, ya ɗaga ta saitin rana. Ba huji ko ɗaya. Ya shafa da yatsa, ya juya bayanta, ya sake shafawa. Koren na nan yadda na bar shi. Zuciyata ta yi fari ƙal, na yi maza na zaro kwalbar koren daga aljihu na ajiye kusa da alƙalumansa na kara.

Bai ɗauka ba. Ya koma ya zauna, ya jawo fatar nan da ya saba rufe takardu da ita in na shigo, ya yaye ta gefe. Ya ce shi yanzu alif da lam duk ɗaya suke a idonsa, amma ya san mazaunin kowane ɗigo da ka, zai riƙa karantawa yana faɗa.

Sannan ya juyo ya ce, "Kana da alwala?"

Na ce, "A'a, Malam."

"To, ga buta can."

Na yi alwala, hawaye na bin ruwan. Da na dawo na durƙusa, na miƙa hannu zan ɗauki alƙalamin kara, sai ya dafa ni.

Ya ce, "Ɗauko naka na aljihu. Shi hannunka ya sani."

Na cire murfin, ya yi bisimilla, ya turo mini warƙar farko.