Allon Na'inna

Na'inna bai yarda da kowa ba, kuma ni ban ga laifinsa ba. A 2014, da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, da ƙafa ya fito ta daji, yana jan goggonsa Khadijat, matar da ta raine shi. Yana da kuɗi a banki, amma bankin na rufe, katin kuma ya bar shi a aljihun wata rigar. Makonni ya yi a Jimeta yana kwana a barandar mutane. Tun daga nan ya rantse duk dukiyar da ba zai iya gudu da ita ba, ba tasa ba ce.

Shagonsa na takalma yana jikin nawa a kasuwar Jimeta, saboda haka duk wautarsa a gabana aka yi ta. Alphonsus mai kayan lantarki ne ya koya masa kirifto: asusu ne a cikin waya, ba manaja, ba layi, makullinsa kalmomi goma sha biyu na Turanci.

"Oga Na'inna," in ji Alphonsus, "wannan kalmomi, no snap am, no send am. Ko matarka kar ya gani. Waya ya ɓata, shi zai dawo maka da kuɗi. Shi ya ɓata, na only God."

Shawara ta faɗa hannun mai ita. Na'inna ya ce takarda gara za ta ci. Laya kuma sai baduku ya gani kafin ya ɗinke. Sai ya sayo allo sabo fil, ya fiƙe alƙalamin kara, ya rubuta kalmomin da ajami, ya zagaye su da zane irin na hatimi don kada a gane. Ya naɗe a tsumma ya ɗora bisa sif ɗin Goggo. Wane ɓarawo ne zai saci allo? Wannan dabara ta kumbura masa kai. Kullum sai ya sanar da mu yana da sirri, sa'an nan ya ƙi faɗa, kamar mun tambaye shi.

Abin da yake tarawa na fili ne a Damare. Ya yi wa Goggo alkawarin ba za ta mutu a gidan haya ba, kuma shekara huɗu ko tsire bai saya ba saboda wannan magana. Bara aka samu filin, mai shi ya ba shi mako guda. A hanyar dawowa daga ganin wurin, cikin Keke Napep, aka zare masa waya.

Wallahi dariya ya yi ta yi. Ya ce ɓarawon ya saci kwanon da ba tuwo. Ya sayi wata wayar, har ya saya mana zoɓo, abin da bai taɓa yi ba. Ya tafi gida ya sauko da allonsa ya warware tsumma. Fari tas.

"Goggo, wa ya taɓa allon nan?"

"Ni ce. Da damina, da taifot ya kayar da kai. Na ga rubutun malam a ajiye, kai kuma kana ta sambatu. Na wanke na zuba maka a kunu."

"Na sha?"

"Har ka nemi ƙari. Ba ka warke ba?"

Ya warke kuwa. Kwana uku shi da Alphonsus suna matse ƙwaƙwalwa, suka tono kalmomi bakwai, biyu ma ba tabbas. Mako ya cika, wani ma'aikacin gwamnati ya saye filin. Na yi dariya har da hawaye ranar da na ji, amma da na ga yadda yake jera takalma yana sake jerawa, tausayinsa ya kama ni sosai.

Har yau bai gaya wa Goggo abin da ta wanke ba. Ita kuwa ta cika unguwa da labarin rubutun da ya tayar da ɗanta daga kwance. Kwanan nan gwiwa ta matsa mata, ta ce ya koma wurin malamin ya karɓo mata irinsa.

Na'inna ya durƙusa ya ja ƙafar ya fara matsa mata.

"Ki yi haƙuri, Goggo," ya ce. "Malamin nan ya fi ƙarfina."